Furlough: Daga Izinin Soja Zuwa Hutun Dole

Jama'a, kalmarmu ta yau a rubuce tana da rikitarwa: furlough. Haruffa takwas ne, amma a baki ba ta da wuya. Mutanen Ingila na furta ta kusan yadda muke cewa falo.

Ma'anarta mutum ya bar bakin aikinsa na wani lokaci da sanin shugabanninsa, gurbinsa kuma yana nan yana jiransa. Ba korarsa aka yi ba, ba guduwa ya yi ba.

Turanci aro ta ya yi daga harshen mutanen Holan, inda suke cewa verlof, wato izini. Ta shigo ne a farkon ƙarni na 17, zamanin da 'yan Ingila da dama ke aikin soja a rundunar Holan wajen yaƙar Sifaniya. Don haka a bariki ta girma. Soja ya nemi izinin kwamandansa, a ba shi takarda mai ɗauke da ranar tafiya da ranar dawowa, ya soke ta a aljihu ya tafi ganin iyali. Ranar ta wuce bai dawo ba, takardar ba ta da sauran amfani gare shi.

Wannan gh na ƙarshe kuwa, da can sautin f ake furtawa, kamar na ƙarshen verlof. Sautin ya faɗi, rubutun ya zauna.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ta juya. Da can bawan Allah shi ke roƙon hutun, yana murna. Yanzu ma'aikaci ake cewa ya zauna a gida, sau da yawa ba albashi. A Amurka, duk lokacin da aka kasa amincewa da kasafin kuɗi, haka ake yi wa ma'aikatan tarayya. Daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, dubun dubatarsu sun yi kwana 35 a wannan hali, ga kuɗin haya na jira.

A Birtaniya annobar korona ce ta sa ta a bakin kowa. A watan Maris na 2020, ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya sanar cewa gwamnati za ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin waɗanda aka zaunar a gida, har fam 2,500 a wata, don kada kamfanoni su sallame su. An rufe shirin a ƙarshen Satumbar 2021.