Darasin Yau: Harshen Toraja-Sa'dan

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu haura tsaunukan kudancin tsibirin Sulawesi a ƙasar Indunusiya, wajen mutanen Toraja. Harshensu ya ci sunan kogin Sa'dan da ya ratsa ƙasarsu, manyan garuruwansu kuwa su ne Makale da Rantepao. Danginsa na kusa su ne harsunan Bugis da Mandar da Makassar. Kai, sunan Toraja ɗin ma daga bakin Bugis ya fito, ma'anarsa mutanen tudu.

To, ku dubi 'yar alamar da ke tsakiyar kalmar Sa'dan. Bahaushe ya san ta, ita ce ta cikin "sa'a" da "jama'a", inda murya ke ɗan tsayawa a maƙogwaro. Sai dai su suna sa ta har a ƙarshen kalma, kuma nan ne harshenmu ke yin tuntuɓe. Ga dabara: ka fara faɗin "sa'a", amma ka tsaya cak kafin wasalin ƙarshe. Yawwa, wannan ita ce. Mu ƙirga tare: misa', ɗaya. Da'dua, biyu. Tallu, uku. A'pa', huɗu. Lima, biyar. A maimaita a'pa' ɗin, tsayawa biyu ce a ciki, kada a haɗiye ko ɗaya.

Haka tae', wato "babu". Da wannan kalmar ma ake kiran harshen, ita ce kuma a kan ƙamus ɗin da masanin nan ɗan ƙasar Holan, van der Veen, ya wallafa a 1940.

Uwa indo', uba ambe'. Da zarar mutum ya haihu sai a koma kiransa da sunan ɗansa na fari, kamar dai yadda ake cewa Maman wane a unguwanninmu.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce ta godiya: kurre sumanga'. Kurre irin kiran da ake yi wa kaji ne su taho gida, sumanga' kuwa kurwar mutum ce. Ashe mai godiya kiran kurwarka yake yi, ta dawo ta zauna tare da kai lafiya.

Sai wata da ke buƙatar a natsu. Idan mutum ya rasu, ba a ce masa mamaci nan take. To makula' ake cewa, wato mai zazzaɓi, mara lafiya. Yana nan a gida watanni, wani lokaci shekaru, ana kai masa abinci, har dangi su taru su shirya bikin jana'iza, Rambu Solo', inda ake yanka tedong, wato ɓauna. Al'adar ta yi nisa da tamu ƙwarai, amma wanda bai san ta ba zai ji an ce akwai mara lafiya a ɗaki ya shiga yana yi masa sannu.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya haddace ƙirgan nan har biyar. Daga annan, wato shida, za mu ɗora. Kurre sumanga', a huta lafiya.