Amsoshin Tambayoyinku: Foyil da Naman Firiza

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. Ta ce naman layyar da ta zuba a firiza ya yi fari-fari ya bushe, in ta dafa sai ya zama kamar igiya. Maƙwabciyarta ta ba ta shawarar naɗewa da takardar foyil. Shin gaskiya ne, ko ɓarnar kuɗi ce?

To Hajiya, maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Iskar cikin firiza busasshiya ce, kuma yadda hunturu ke tsage leɓe, haka take zuƙe ruwan nama. Naman bai lalace ba, ana iya ci, daɗin ne ya tafi. Shi foyil alminiyam ne da aka murje ya zama falle, iska da danshi ba sa ratsa shi. Amma fa sai kin matse shi ya manne da naman sosai, sannan ki ƙulle a leda, don ƙashi ɗaya ya isa ya huda shi.

Ribar kuma a wurin rabo take. Ki kasa naman daidai na miya ɗaya-ɗaya, kowane ƙulli da kwanan watansa. Da yawanmu mukan narkar da cinya guda don tsoka huɗu, mu mayar da sauran, gobe a sake. Nan ne nama ke mutuwa, kuɗi na bin sa. In firiza na riƙe sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ɗanyen naman shanu yakan yi wata 4 zuwa 12 da ɗanɗanonsa, niƙaƙƙe kuwa wata 3 zuwa 4.

Kada dai ki sa markaɗen tumatir ko abin da aka matsa wa lemon tsami a foyil, tsami da gishiri na cin alminiyam har su huda shi. Waɗannan na roba mai murfi ne.

Sai wani malami daga Maraɗi da ke tambaya: ana iya wanke foyil a sake amfani da shi? Kuma yana kare nama in an ɗauke wuta?

Malam, wanda aka naɗe burodi ko dambu, a goge a miƙar a ajiye. Wanda ya taɓa ɗanyen nama ko kifi, ni dai ban yarda ba, a jefar. Batun wuta kuwa, foyil ba ya ƙirƙiro sanyi. Cikakkiyar firiza takan riƙe sanyinta kusan awa 48 in ba a buɗe ba, mai rabi kuwa awa 24. Saboda haka a cike gurbin da gorunan ruwa su ƙanƙare, a kuma hana yara leƙe-leƙe.