Jawabin Maraba ga Jakadan Birtaniya a Lokoja

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Mai Martaba Maigarin Lokoja, Allah ya ja zamaninka. Mai Girma Jakadan Birtaniya a Najeriya da 'yan tawagarsa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, jama'a barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawa mazauna Lokoja muna yi maka lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da zafin garinmu, wanda mu ma da aka haifa a nan ba mu gama sabawa da shi ba.

Ka zo inda wani magabacinka ya fara wannan aiki da kake yi. Dakta William Baikie ɗan Kirkwall ne, a tsibiran Orkney na Sikotland, an haife shi a 1825. Likitan sojan ruwa ne, ba a horar da shi don jakadanci ba. A 1854 aka haɗa shi da ayarin jirgin ruwa mai suna Pleiad, sai ƙaramin jakada John Beecroft da zai jagoranci tafiyar ya rasu, ragama ta faɗo hannun likita. Ayarin Turawa na 1841 zazzaɓi ya yi masa mummunar ɓarna a wannan kogi na Kwara. Shi kuwa Baikie ya sa mutanensa shan kwinin, maganin zazzaɓi, kullum, suka yi nisa cikin kogin Binuwai suka dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Ya sake dawowa a 1857 tare da malamin mishan Samuel Ajayi Crowther, jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jeba ya farfashe. Da wani ne, da ya tattara ya koma gida. Baikie ya zauna. Daga baya ya kafa zango a nan gindin Dutsen Patti, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, da yardar Etsu Nupe Masaba na Bida. Shi ne likita, shi ne mai raba gardama, shi ne malami, shi ne wakilin ƙasarku, tun gwamnatinku ba ta buɗe ofishi a hukumance ba. Kasuwa ta kafu, fatake suka riƙa kwararowa, cikinsu har da kakanninmu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ya koyi Hausa. Ya tattara kalmomin harsuna da dama, ya fassara sassan Baibul zuwa harshenmu, kuma a 1862 ya yi tattaki har Kano. Mutum ne da ke zama da jama'a, ya ji ta bakinsu ba da tafinta ba. Ya rasu a Saliyo a watan Disamba na 1864, a hanyarsa ta zuwa gida, yana da shekara 39.

Ba za mu ɓoye maka ba, ranka ya daɗe: ƙofar da ya buɗe ta ciniki, ta nan mulkin mallaka ya shigo. A garin nan Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Birtaniya ranar 1 ga Janairu, 1900. Wannan ma tarihinmu ne, mu da ku, kuma tsofaffinmu ba su manta ba.

Baƙo ba ya tafiya bai ji kukan masu gida ba. Kogin da ya kawo Baikie shi ne ya shanye gidajenmu da shagunanmu a ambaliyar 2012, ya sake a 2022, har hanyar Abuja ta yanke. Muna roƙon ƙasarku ta haɗa hannu da gwamnatin Kogi kan gargaɗin ambaliya da gyaran bakin kogi. Sannan gine-ginen zamanin Turawa da maƙabartarsu suna lalacewa, ga kuma takardun tarihin garin nan da ke ajiye a Landan, muna son yaranmu su samu kwafinsu.

Ga 'yar tsaraba: babbar riga da hula, da busasshen kifin Kwara. Bismillah, ranka ya daɗe, jama'a na sauraronka.