Hasken da Ke Ɓoye Cikin Ƙwayar Yashi

Ɗebi yashi a tafin hannunka daga bakin kogi. Daga ina ya taso, kuma shekara nawa ya yi a hanya? Amsar tana cikin ƙwayoyin kansu.

Cikin ma'adinan da ke cikin yashi akwai guda biyu, kwaz da felsfa. Idan ƙwaya ta kwanta binne a duhu, tururin da ido ba ya gani, wanda ke fita daga sinadaran yuraniyom da toriyom da fotashiyom na ƙasa, yana ta shigarta kaɗan-kaɗan, tana tara caji kamar batir. Ranar da hasken rana ya taɓa ta, sai cajin ya zube. Kwaz kan zubar da nasa cikin daƙiƙoƙi, felsfa kuwa yana jan ƙafa. Shi ya sa masu bincike ke ɗibar yashi a bututun da haske ba ya ratsawa, ba sa buɗewa sai a ɗakin gwaji ƙarƙashin jar fitila. Can injin zai haska ƙwayar, ita kuma ta saki cajin a matsayin ɗan haske, a auna; yawan hasken shi ke nuna daɗewarta a duhu.

A 1985 masana a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada suka fito da wannan dabara, don sanin shekarun da yashi ya yi a binne. Amma yashin kogi ya dinga ba su ciwon kai. Ruwan ambaliya jawur yake da laka, rana ba ta ratsa shi sosai, wani lokacin ma da dare yake zuwa. Sai ƙwaya ta isa inda za ta kwanta da sauran tsohon caji a jikinta, lissafin shekaru ya karkace.

To, a nan abin ya fi burge ni. Wannan ragowar cajin da ake kuka da ita, ita ce ta zama ma'auni. A Kogin Mojabe na Kalifoniya, wanda yawancin shekara a bushe yake kamar rafukanmu da rani, masu bincike biyu, McGuire da Rhodes, sun auna cajin felsfa daga sama zuwa gangare. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cajin yana raguwa yayin da ake gangarawa, domin kowace ambaliya kan tono ƙwaya, ta matsar da ita gaba, ta shanya ta a rana. Inda cajin ya sake hawa kuwa, alama ce tsohon yashi ya shigo daga gaɓar da ta zaizaye ko daga wani rafi, kuma mai gina madatsar ruwa yana buƙatar sanin wannan wurin.