Daga kasuwar Dembe: mai shago ya saye teburin yaro

Salamu alaikum jama'a, kun ganni nan Injamena a bakin kasuwar Dembe, ku yi hakuri da karar babura, nan ba a samun shiru sai dare. Shekarata tara a Chadi ina kawo atamfa da shadda daga Kano ta Kusiri, kuma wallahi yanzu rabin cinikina a WhatsApp yake, in dauki hoton kaya in sa a status, hajiya ta gani ta turo murya da Larabcin nan nasu, mu daidaita.

To jiya muna shan shayi wani kanena yake cewa wai shi bai ga abin magana ba don Facebook ya sayi wani karamin kamfani, kudinsa ne. Na ce yaro zauna. A 2012 Facebook ya sayi Instagram dala biliyan 1, lokacin ma'aikatansu 13 ne kacal, ko sisi ba su fara samu ba, mutane suna ta cewa Zuckerberg mai Facebook ya haukace. Bai haukace ba. Ya ga samari sun koma daukar hoto da waya, shi kuma a kwamfuta ya fi karfi. Kamar ka ce alhaji mai babban shago ne ya ga yaro ya kafa tebur a kofarsa, masu saye sun fara tsayawa wajen yaron, maimakon ya tsaya gasa sai ya kira shi ya ce nawa zan ba ka, teburin da kai duka. Ba teburin yake so ba, mutanen da ke tsayawa yake so, kuma kar yaron ya girma ya bude shago a gabansa.

A 2014 ya sake, WhatsApp dala biliyan 19, ma'aikata wajen 55. Snapchat kuwa Facebook ya taya shi biliyan 3 ya ki, sai ga Instagram ya fito da Stories a 2016, hotunan nan masu bacewa bayan kwana daya, kusan abu daya sak da na Snapchat. Kun gane ai.

Ni ba zan ce ban amfana ba fa, da can WhatsApp dala daya ake cewa a biya a shekara, a 2016 suka cire, ga kira kyauta, ina magana da Inna a Kano ba tare da na kona kati ba. Amma ku tuna 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar Facebook da Instagram da WhatsApp suka dauke lokaci guda kusan awa shida, saboda gida daya ne. Nan kasuwar kowa ya dauka datarsa ce ta kare, mai sayar da kati ranar ya sha ciniki, wani dattijo sau uku yana cire batir yana hurawa yana mayarwa. Mu da muka ga an toshe wadannan kafofin a Chadi daga Maris 2018 har Yuli 2019 muna ta fama da VPN, manhajar tsallake toshewa, har muka fara cewa ko an sake ne.

Kanen nawa dai har yanzu bai yarda ba, wai in aka taya shi biliyan shi ma sayarwa zai yi har da takalminsa. Bari in tashi, direba ya kira kaya sun iso gadar Ngeli, sai na dawo.