Daga Ina Ruwan Ƙafar Da Ta Kumbura Ya Fito?

[Hoto: fasinja a tasha yana kokawar sa takalmi]

Kun sha ganin irin wannan hoton kwanan nan. Mutum ya kwana a mota daga Legas zuwa Kano, ya sauka, ƙafa ta yi suntum, takalmi ya ƙi shiga. Masu sharhi kuwa kowa da tasa: wannan ya ce jijiya ce ta fashe, wancan ya ce ruwa ya sha da yawa. To, babu abin da ya fashe. Bari mu shiga cikin ƙafar mu gani.

Zuciya ta buga, jini ya bi manyan jijiyoyi, suka yi ta rassa har suka kai nan.

[Hoto: siririyar jijiya a madubin likita]

Silin gashin kanku ya fi wannan kauri kusan sau goma. Ga jajayen ƙwayoyin jini suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Bangon kuma ƙwayoyin halitta ne shimfiɗa ɗaya tak, manne da juna.

A nan ne mutane ke ɓata. Muna ɗaukar jijiya kamar tiyon ruwa, wanda in ya yi yoyo ya lalace. Ku tuna randar ƙasa ta tsakar gida, yadda jikinta ke tsattsafo alhali lafiyarta lau. Haka aka halicci wannan bangon, dole ya yi tsattsafo, domin ta nan abinci ke isa ga tsoka. Tun 1896 wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, ya bayyana lissafin: matsin jini yana tura ruwa waje, furotin ɗin albumin da hanta ke yi yana riƙe shi ciki.

Amma jini ƙarfi biyu yake sa wa bangon. Na farko turi, shi ne matsin da muka ambata. Na biyu guga. Ku sa hannu a cikin rafi mai gudu, za ku ji ruwan yana shafar fatarku yana janta. Haka jini ke shafar bangon yana wucewa, kuma bangon yana jin wannan shafar. Ni kam duk sanda na zo nan sai na ce Allahu Akbar.

[Hoto: zanen cikin jijiya, gashi-gashi na kaɗawa]

Kun ga wannan abu mai yauƙi kamar gansakuka a cikin rijiya? Sunansa gilaikokaliks, sukari ne da furotin. Rariya ce da ke hana albumin fita, kuma shi ne kunnen bangon. Idan gudun jini ya ƙaru, sai gashin ya kwanta, ƙwayoyin bangon su saki wata iska, naitirik oksaid. Jijiyoyin da ke kawo jinin su saki jiki, kuma a gwaje-gwajen da aka yi kan ƙananan jijiyoyi an ga ruwa ya fi saurin ratsa bangon a irin wannan lokaci. Gano aikin wannan iskar a jijiyoyin jini ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998.

Ku lura da kyau, kada ku ce gudun jini shi ke jawo yoyo. Idan jini ya daɗe yana tafiya sumul a hanya ɗaya, ƙwayoyin bangon sukan jera kansu su fuskanci inda yake tafiya, mahaɗarsu ta ƙara ƙarfi, gansakukar ta yi kauri. Inda jini ke jinkiri ko yake juyi, a nan take sirancewa, ƙofofi su buɗe. Ciwon sukari da ƙwayoyin cuta da suka shiga jini su ma suna cinye ta.

Mu koma cikin mota. Mutum a tsaye cik, matsin jijiyar idon sawunsa yakan kai kusan 90 a ma'aunin da ake gwada hawan jini. Ya fara tafiya, tsokar sha-raɓa ta matse jijiyoyin, matsin ya sauko wajen 30 ko ƙasa. Fasinjanmu awa goma sha bai motsa ba. Turi ya ƙaru, guga ta ragu, ruwa na fita.

A da ana koyar da cewa yawancin ruwan yana komawa ta ƙarshen jijiyar. A 2010 wasu masana biyu, Levick da Michel, suka tattara hujjar cewa a mafi yawan sassan jiki wata magudana ce daban, limf, ke kwashe shi, wadda ke bi ta wurin da kaluluwa ke fitowa. Ita ma motsi yana taimaka mata wajen aiki. Idan tsutsa ta toshe ta, shi ne tundurmi.

Saboda haka in direba ya tsaya sallah ko cin abinci, ku sauka ku taka. A kan kujera ma ku riƙa ɗaga diddige kuna saukewa. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo da zafi, yana iya zama gudan jini. Mai juna biyu da fuska da hannaye suka kumbura, ga ciwon kai, ita ma alamar haɗari ce: a tafi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.