P0171: Kafin a Canza Sensa, a Kalli Lambar Nan Sau Biyu

Mota a tsaye, injin yana karkarwa, silo na hawa yana sauka. An taka totur, ta ɗan shaƙe tukuna sannan ta ɗauka. Ga fitilar injin ta kama. Aka jona sikana, na'urar karanta matsalar mota, sai ga lambar matsala P0171, ko P0174 in injin mai ɓari biyu ne irin V6. Daga nan kusan kowa hanya ɗaya yake bi: wai sensar oksijin ce ta mutu. A sayo sabuwa, a ɗaura, a goge lambar, ba a jima ba fitila ta dawo. An bar jaki ana dukan taiki.

Ita sensar oksijin tana jikin salansa. Aikinta kawai ta shinshina hayaƙi ta gaya wa kwamfutar mota ko akwai ragowar oksijin a ciki. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. In iska ta rinjayi mai, sensa ta kai rahoto, kwamfuta ta ƙara wa nozil lokacin feshi. Ta ƙara, ta ƙara, har ta kai iyakarta, wanda a motoci da yawa wajen kashi 25 cikin 100 ne. Nan ne take kunna fitila. Ke nan P0171 ba ta ce sensa ta lalace ba. Cewa ta yi ƙarin man da ake yi ya wuce ƙima.

To, ga inda ake tsallakewa. Ku fita daga shafin lambobin matsala, ku shiga inda sikana take nuna abin da injin yake yi kai tsaye. Layi biyu za ku nema: STFT da LTFT. Dukansu suna nuna kashi nawa cikin 100 na mai kwamfuta ta ƙara ko ta rage: na farko gyaran nan-take ne, shi ya sa kuka ga yana ta rawa. Na biyu shi ne abin da kwamfuta ta haddace a hankali. Ku haɗa su. In jimillar tana tsakanin +10 da -10, lafiya lau. Amma fa sai injin ya yi zafi sosai, don da sanyi kwamfuta ba ta ma fara sauraron sensar ba. Mutane da yawa a nan suke karanta lambar banza.

Yanzu ku kalli allon sikana a motar da muke dubawa. Giya a fak, AC a kashe, ƙafa ba ta kan totur. Jimilla 22. Ku riƙe ta a ka. Sai a taka har juyin injin ya kai 2,500 a minti, a tsaya a nan kamar rabin minti, kar a yi ta wasa da ƙafa. Kun gani? Tana sauka... 12... 7... ta zauna a 4.

Wannan saukar ita ce amsar. A silo bakin totur kusan a rufe yake, iskar da injin yake sha kaɗan ce, zuƙar da ke cikin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, kuma tana da ƙarfi. Ɗan tsagin da bai kai farce ba zai shigo da iskar da ba a auna ba, kuma a kan wannan 'yar iskar ta silo, kaso ne babba. Da an buɗe totur, iskar da aka auna ta ninka sau da yawa, ta tsagin ta zama ba komai ba. Don haka lamba ta yi sama a silo ta sauka da gudu: iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya.

In kuwa akasin haka kuka gani, a silo lafiya amma da an taka ko an hau tudu lamba ta tashi, to ku daina neman tsagi. Mai ne ba ya isa lokacin da injin ya fi buƙatarsa: famfon mai ya gaji, filta ta toshe, ko nozil sun yi datti. Ko kuma MAF, ma'aunin iskar nan da ke bayan filtar iska, ta yi ƙura tana faɗin ƙasa da abin da ya wuce ta. Ni a ganina duk wanda ya sa a sauke tanki bai yi wannan gwajin na minti biyu ba, caca yake yi da kuɗin mai mota.

Saura neman wurin tsagin, da sauri. Babbar robar da ke tsakanin MAF da totur: a lanƙwasa ta, tsagin yana ɓuya a cikin lauje-laujen, galibi ta ƙasa. Tiyon PCV, wanda ke mayar da tururin cikin injin zuwa manifol. Tiyon da ke zuwa bustar burki. Gasket ɗin manifol. Na'urar hura hayaƙi ta fi komai sauƙi, a hura a hanyar iska, a ga inda hayaƙin yake fita. Masu fesa abin wanke kafireto su saurari canjin ƙarar injin, e, yana aiki, amma abu ne mai kama wuta a kan ƙarfe mai zafi, kuma gira ba ta tsirowa da wuri.

MAF kuma da maganinta na musamman ake wanke ta, ba a taɓa siririyar wayar ciki ko da auduga, a bari ta bushe kafin a mayar. Ɓangaren mai, a ɗaura gejin matsi a gwada da adadin da kamfanin motar ya rubuta.

Wani abu da ke ruɗa har ƙwararru: huji a salansa kafin a iso sensa. Yana zuƙo iskar waje, sensa ta ga oksijin, kwamfuta ta yi ta zuba man da injin bai nema ba. Ku saurari tas-tas da safe, ku duba baƙin tabo a mahaɗa.

Ita sensar tana mutuwa? Tana yi mana. Irin ta da, lafiyayya, tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In an fizgi totur ba ta motsa ba, ta maƙale a ƙasa, sannan ne ake zarginta.

Ga matsalar tamu motar: babbar robar nan ce ta tsage. An sa sabuwa, an goge abin da kwamfuta ta haddace, an tayar. A silo, jimilla 3.